Wanda Ya Zo Shi Ne Osvaldo

Rosario, 10 ga Afrilu, 1987

Osvaldo,

"Ko da a ƙafa ne zan zo, Zulema. Ki ce wa likitar ta ajiye mini kujera." Rubutunka ne, ga takardar a gabana. An ajiye maka kujerar. Na san daga Comodoro zuwa nan da nisa a ƙafa, don haka wataƙila har yanzu kana hanya.

Bayan haka ina gaishe ka, tunda an yi mini tarbiyya. Da fatan kai da Mirta da yara kuna lafiya, iskar kudu ba ta kwashe ku ba. Mama gwiwa ce ke damunta kamar kullum. Ni maƙogwaro ne, saboda ihu a aji da ihu a gida. Aldo yana nan yadda ka san shi tun da garejinku ya rushe: ɗaki, taga a rufe, rediyo a kunne. Mutum ya haura arba'in, ba ya taka ƙofar gida sai ranar Alhamis, ita ma sai na tura shi cikin tasi zuwa asibiti kamar buhu.

Tunda ba ka zo ba, bari in gaya maka abin da ka tsere wa. Akwai zaure a bayan asibitin. Iyalai da yawa ne ke zama a zagaye, kowa da nasa mara lafiyan, an bar fili a tsakiya. Dokta Beltrame ba ta tambayar mutum me ke damunsa. Cewa take yi ya tashi ya nuna mata. Jiya ta ce wa Aldo ya jera mata gidanmu a filin nan, ya tsayar da kowa inda yake ganinsa. Na ɗauka ba zai motsa ba. Sai ga shi ya tashi, ya jawo benci ya ce ƙofar ɗakinsa ce. Ya tsayar da Mama a bakinta da hannu a miƙe kamar tana riƙe da faranti. Ni ya sa ni a bayanta, ya ɗaga mini ɗan yatsa sama, mutane suka yi dariya, ni ma na yi, don bai yi ƙarya ba. Daga nan ya tsaya yana kallon kujerarka.

Likitar ta tambaya ko wane ne mai kujerar, Mama ta ce ɗan ƙanenta ne da ta raina tun rasuwar ubansa, gado ɗaya kuka kwana da Aldo har kuka yi gemu. A wurin nan in mutum ba ya nan, ana zaɓar wani cikin jama'a ya tsaya a madadinsa. Aldo ya zaɓi wani dattijo, Don Hilario, tsohon direban jirgin ƙasa, mai rako 'yarsa Norma da ta daina cin abinci. Ya kai shi can nesa, ya juya shi ya ba kowa baya. Sai ya dawo da shi kaɗan, ya kama hannunsa ɗaya ya miƙo ta baya, ya ɗora a kan ƙofar yana danne ta. Kai ke nan a idon ɗan'uwanka: baya gare mu, hannu a ƙofa.

Abin da matar nan take koya mana bai fi ƙarfin kanka ba, kai bakanike ne. In fambel yana yawan tsinkewa, sakarai ne kaɗai zai yi ta sayen sabo bai duba abin da ke cin sa ba. Ta ce ciwon ba a jikin Aldo kaɗai yake ba, a yadda gidan ke juyawa yake, shi dai a wurinsa ne ƙarar ke fita. Na karanta littattafai da dama a kan wannan, na yi gardama da rabinsu, amma jiya da yatsana a sama gardamata ta ƙare.

Aldo yana iya fitowa daga ɗakin nan, Osvaldo. Jiya na fara yarda da haka. Amma ba za a gyara inji ana ɓoye wani ɓangarensa can kudu a Patagonia ba. Ka faɗa mini ranar da za ka zo.

'Yar goggonka,
Zulema

Comodoro Rivadavia, 24 ga Afrilu

Yaya Zulema, shugabar masu faɗa ta lardin Santa Fe,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sai dai ƙaramin yana tari, Mirta kuma tana gaishe ki da Goggo. Ki sha zuma da lemon tsami saboda maƙogwaron, ko kuwa ki gwada yin shiru na yini ɗaya, an ce shi ma magani ne.

Ki yi haƙuri da rashin zuwana. Abokin aikina ya karya hannu a rijiyar mai, aka ɗora mini nasa a kan nawa. Ba kamar makaranta ba ce da za ki ba yara aikin gida ki fita.

Maganar wasan kwaikwayonku na karanta wa Mirta, mun yi dariya. Ku mutanen Rosario kowa da likitan ƙwaƙwalwarsa kamar buroshin haƙori. Ni da nake ƙarshen duniya, ta yaya zan danne ƙofa a gidanku na titin Ayolas? Hannuna bai kai haka tsawo ba. Ni dai abin da na sani, duk Lahadi ina buga wa Goggo waya, ban taɓa fashi ba, kuma kullum ina ce mata kada a matsa wa yaron, a bi shi a hankali. In wannan laifi ne, to na amsa. Shi kuma dattijon, in har ya iya zama ni, ki turo shi ya karɓe ni a rijiya in huta.

Na ba wani direban babbar mota ƙaramar talabijin ya kawo wa Aldo, ya riƙa kallon ƙwallo, ya rage tunani. Zan zo da zarar an sami sarari, wannan ba sai an faɗa ba.

Naki,
Osvaldo

Rosario, 18 ga Mayu

Osvaldo,

Ina gaishe ka. Allah ya ba ƙaramin lafiya. Mama jininta ya hau, ya sauka, kuma za ka ji dalili.

Talabijin ɗinka ta iso. A makon ne Aldo ya ƙi zuwa asibiti, karo na farko tun da muka fara. Ka ce hannunka bai kai nan ba, to ga shi ya kai, har da eriya. Kuma ka daina ce masa "yaron". Furfurarsa ta fi taka.

Bari in zana maka abin yadda ba sai ka yi tunani ba. Aldo ya leƙo tsakar gida. Mama ta ga alamar zai fita, jininta ya hau. Kai ka bugo waya ka ce a bi shi a hankali. Ni in ji haka in hau faɗa. Faɗana ya kora shi ɗaki. Mama ta warke garau, ta soya masa nama ta kai masa har gado. Kai ka aiko da kaya don ɗakin ya ƙara daɗi. Sai a huta, sai a sake. Kowa a cikinmu yana ganin taimako yake yi. Ni an ce in sauke yatsana, kuma ina ƙoƙari, duk da ji nake kamar an ɗaure mini hannu. Talabijin ɗin na kai ta kicin ban ce uffan ba. Mai son ƙwallo ya fito.

Alhamis da ta biyo baya ya je. Mama ta zo da tsohuwar rigar sanyinka ta fata, wadda ka bari a ƙusa a bayan ƙofa, ta ce in za a yi Osvaldo a yi shi da kyau. Don Hilario ya sa. Aka mai da filin ya zama garejinku, ranar da ka ce masa za ka tafi kudu, in ka zauna da gindinka za ka aiko ya same ka. Aldo ya tsaya a gaban dattijon ya ce, "Me ya sa ba ka aiko ba?"

Don Hilario bai san amsa ba, ina zai sani. A irin wannan sai a yi musanya: mai tambaya ya koma wurin wanda ya tambaya, ya amsa da bakinsa. Aldo ya sa rigarka. Ka ga yadda ya karkata kafaɗa yana sosa ƙeya, sai na ji kamar in mare shi don tsabar kama. Dattijon ya maimaita masa tambayar, shi kuma ya amsa da muryarka, a hankali: "In na ɗauke ka, wa zai zauna da Goggo?"

Can Mama ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, ita yaushe ta ce a zauna da ita. Ka gane abin da ɗan'uwanka yake yi a ɗakin nan duk shekarun nan? Gadi yake yi. Kai ka tafi, ni ina makaranta daga safe zuwa yamma, aka bar shi jingina.

Aka sake musanya, rigar ta koma jikin Don Hilario don ya maimaita abin da Aldo ya faɗa. Ya maimaita, sai kuma ya ƙara nasa, abin da ba a so mai tsayawa a madadin wani ya yi. Ya ce, "Ka yafe mini, ƙanena." Aldo ya rungume shi yana kuka kamar an yi mutuwa.

Ga inda aka yi kuskuren. Ƙa'ida ce kafin a tashi, wanda ya ari sunan wani ya tuɓe shi a gaban kowa, ya ce ni ba wane ba ne, sunana kaza, iyalin su ma su kira shi da sunansa. Ranar lokaci ya ƙure, ma'aikatan jinya suna ta buga ƙofa suna son zauren. Dattijon ya kai hannu zai cire rigar, Mama ta riƙe masa hannu ta ce ya bar ta, ana sanyi a waje. Likitar ta dubi agogo ta ce a bari sai mako mai zuwa.

Ran Lahadi ya zo gida wai ya dawo da riga, ya kuma koma da ita a jikinsa. Mama ta zuba masa taliya a wurin zamanka, kusa da ni. Aldo ya fito ya ci a tebur. Jiya ma ya dawo, ya gyara famfon banɗaki, suka yi ta zuƙar shayin mate da Aldo a ƙoƙo ɗaya. Ba zan ɓoye maka ba, rabon da namiji ya zauna a teburin nan in ji nauyi ya ragu a kafaɗata har na manta. Amma abin yana ba ni tsoro, kuma da wuya in iya bayyana maka dalili a takarda. Ka zo.

Zulema

Comodoro Rivadavia, 20 ga Yuni

Yaya Zulema,

Gaisuwa da fatan alheri. Yajin aikin gidan waya ya riƙe takardarki, sai shekaranjiya ta zo. Mu ƙalau, tarin ya tafi, dusar ƙanƙara ce kawai ta rufe mana hanya.

To, to, to. Ashe abin da ake ciki ke nan. Shafi uku na falsafa, ashe labarin yana ƙasa. Mirta ce ta fara ganowa, ta ce karanta nan, "nauyi ya ragu a kafaɗata", kuma wai yana ba ki tsoro. Yaya, kada ki ji tsoro. Tun rabuwarki da mijin nan naki mai gashin baki kike zaune da littattafai, littafi kuwa ba ya gyara famfo. Direban jirgin ƙasa mutum ne mai fansho da sanin lokaci. Sai dai tunda ni ne namijin gidan, ya kamata ya rubuto mini in ji nufinsa. Shekarunsa nawa? Wace ƙungiyar ƙwallo yake goyon baya? In ta masu riga mai ja da baƙi ce, ban yarda ba.

Abin da Aldo ya faɗa da bakina kuwa, ni ban taɓa faɗar haka ba, ko a zuciya. Aikin ne bai samu ba a lokacin, daga baya kuma ya riga ya kwanta. A daina sa mini magana a baki ina nesa.

Naki,
Osvaldo

Ƙari, ran Lahadi. Ban rufe ambulan ba, gara da ban rufe ba. Yanzu na buga waya gida. Goggo ta ɗauka, na ce a ba ni Aldo in yana kusa. Ta ce yana tsakar gida shi da Osvaldo suna kwance babur ɗin maƙwabci, wa za ta ce yana kira? Na ce, "Goggo, ni ne fa." Ta ce ai ta gane muryar, ya iska, ya yara, tukunyarta tana kan wuta. Ta ajiye. Ko maganar a bi shi a hankali ban samu na yi ba.

Zulema, Goggo ta fara ruɗewa kuna zaune kuna wasa. Ki kai ta wurin likita na gaske, mai duba ƙwaƙwalwa da na'ura. Kuma ki karɓe rigata daga jikin mutumin nan. Ban ba kowa ita ba.

Rosario, 6 ga Yuli

Osvaldo,

Ina gaishe ka, ka gaida Mirta, ka ce mata ta iya karatu amma ta riƙa farawa daga sama. Kowa lafiya. Maƙogwarona ya warke, abin mamaki.

Na rubuta maka cewa ɗan'uwanka ya yi shekaru yana gadin uwa don kai ka sami tafiya, kai kuwa abin da ka tsinta a ciki shi ne an sami mai aurena. Ina da ɗalibai 'yan shekara goma sha uku da nake kayarwa a jarrabawa saboda abin da bai kai wannan ba. Don Hilario ya haura saba'in, haƙoransa a kofi suke kwana, kuma har yau hoton matarsa yana cikin hularsa. Namijin gidan. Wane gidan?

Mama ba ta ruɗe ba. Ita ke tuna mini ranar biyan kuɗin wuta, jiya ma ta mayar wa mahauci nama saboda ya haɗa mata da jijiya. Na tambaye ta a kicin, ni da ita, ko ta san mutumin nan ba kai ba ne. Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce, "Ni na yi wa Osvaldo wanka, zan kasa gane shi? Amma wanda ya zo shi ne Osvaldo." Ta ci gaba da yanka albasarta. Ka kai wannan wurin mai na'ura ya auna maka.

Ga abin da ke ba ni tsoro, tunda sai an tauna maka. Aldo yana fita. Suna zuwa bakin kogin Paraná da dattijon su jefa ƙugiya, ya gyara babur biyu a unguwa, har aski ya je da ƙafarsa. Mama ta ga yana fita kuma jininta bai hau ba, saboda akwai wanda zai zauna ya sha mate da ita. Duk wannan a kan aro aka gina shi. Alhamis da ta wuce Norma, 'yar Don Hilario, wadda ba ta cika magana ba, ta tashi ta shiga fili. Ta jera kujeru biyu da tebur, ta zauna a ɗaya, ta ce haka Lahadinta take yanzu. Ta ce babanta ya samo ɗa namiji da uwa da taliya, ya iya ba wa ɗan wasu haƙuri, ita bai taɓa ba ta ba. Yarinyar ta sake ramewa, wuyan hannunta kamar kara. Mun zare dutse daga katangar wasu mun toshe tamu. Dattijon ya zauna da rigarka a jiki ya rasa inda zai sa ido.

Dokta Beltrame ta ce kuskurenta ne, a gaban kowa ta faɗa, ba ta laɓe a bayan aikin rijiya ba. Ta ce ba za a fizge abin a rana ɗaya ba, amma ta sa rana: Alhamis ta ƙarshen watan nan Don Hilario zai tuɓe rigar, ya faɗi sunansa, Mama da Aldo su kira shi da shi, ya koma wa 'yarsa. Na tambaye ta me zai faru da Aldo in ya juya ya ga ba kowa a wurin. Ta ce ita ba 'yar duba ba ce, amma gida yakan koma yadda ya saba in ba a canza masa komai ba. Ni ba likita ba ce, don haka zan faɗa kai tsaye: zai koma ɗaki, kuma wannan karon ba na jin tasi zai fito da shi.

Akwai wata mata a cikinmu da sojoji suka tafi da ɗanta, yau shekara goma. Duk wanda aka zaɓa ya tsaya a madadinsa, takan gyara masa kwala kafin a fara, in an gama ita ke fara kiran mutumin da sunansa na gaskiya, da ƙarfi, don kada ta yaudari kanta. Ita ce ta tambaye ni a bakin ƙofa ko namu Osvaldon yana raye. Na ce yana raye, yana buga waya duk Lahadi. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Ka ce ba ka taɓa faɗar abin da Aldo ya faɗa ba. Na yarda. Ba wanda ya faɗa, shi ya sa ya yi shekaru yana aiki. In amsarsa ba daidai ba ce, zo ka tsaya a gabansa ka ba shi taka, ko da ta fi wannan muni. Ba haƙuri nake nema masa ba, an riga an ba shi na aro. Mutum yake buƙata wanda zai iya yi wa gardama.

Talatin ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma. Kada ka aiko da komai, kada ka bugo waya ka yi bayani. In na shiga zauren ban gan ka ba, ran Asabar za mu hau motar kudu, ni da Mama da Aldo. Na karɓi hutu a makaranta. Mama ta ce dama tana son ganin jikoki, ta fara naɗe kaya. Aldo ne da kansa ya je tasha ya tambayo lokacin tashin motar, shi kaɗai, a bas. Zan kawo su har ƙofarka, in sha ruwa, in gaida Mirta. Tikiti uku zan saya na zuwa, ɗaya na dawowa.

'Yar goggonka,
Zulema